Sandar Jan Ƙarfe a Bayan Ɗakin Inna

Ranar Litinin ce, damina ta yi tsakiya, gero ya fi mutum tsayi a gonakin da suka kewaye ƙauyen ta ko'ina. Rana ta yi ja ta kusa faɗuwa. Awaki sun dawo suna neman turakunsu, hayaƙin murhu na tashi gida-gida yana kwantawa a kan danga. A gidan marigayi Malam Sha'aban, can gabas da Kunci, Furera na durƙushe gaban tukunya tana jiran ruwan tuwo ya tafasa. 'Yarta Khairat, mai shekara goma sha ɗaya, tana tsinkar zogale a faifai. Inna Amsa kuwa, kakar yarinyar, tana zaune a tabarma da carbinta, ta ba wa ɗakin da ta yi shekara arba'in tana kwana a cikinsa baya.

Ɗanta Tasi'u, mijin Furera, shi ya fitar da ita daga ɗakin mako biyu da suka wuce. Bai yi mata tsawa ba, bai kuma nemi shawararta ba. Dawowa ta yi daga gidan suna ta tarar an kwashe gadonta da kwanukanta an kai ɗan ɗakin da ke jikin turken awaki. Ya ce mata nata ɗakin ne mafi sanyi a gidan, ginin ƙasa mai kaurin bango, kayan da zai zuba kuwa ba sa son zafi.

Shekara tara ke nan da Tasi'u ya gama karatun kwamfuta a Kano, shekara tara yana gyaran wayoyi a rumfar kasuwa, abokan karatunsa na wuce shi a mota suna ɗaga masa hannu. Sai bana wata ƙungiyar manoma mai rassa a ƙauyuka da dama ta ba shi aiki. Tsarin karɓar koke suke so. Duk manomin da injin ban-ruwa ya lalace masa, ko irin da aka ba shi ya ƙi tsira, zai aiko da kokensa ta waya, manhaja ta ba koken lamba, a yi ta bin sawunsa har a warware. Tikiti suke kiran kowane koke, kuma tikiti ko dai yana buɗe, ko ana dubawa, ko an rufe shi. Tasi'u ya shawo kan shugabannin cewa shi zai kafa musu na'urorin da manhajar za ta zauna a kai, a nan gidansu, inda ake hango turken sadarwa ba abin da ya tare. In tsarin ya tashi lafiya ranar Asabar a gaban shugabanni, aikin kula da shi ya zama nasa na dindindin.

Ya riga ya jera na'urori biyu a kan tebur, irin waɗanda 'yan sana'ar ke kira saba, ɗaya ta karɓi masu shigowa ta intanet, ɗaya ta adana koke-koken. Ya ɗora sola a rufi, ya haɗa batura. Abu ɗaya ya rage masa: sandar jan ƙarfe mai tsayin mutum, wadda ake kafawa a ƙasa a ɗaura mata waya, don in tsawa ta faɗo wutar ta bi ta nan ta nutse, kada ta ƙone kaya. Ita yake bugawa da guduma a bayan ɗakin, a wani lungu mai laima inda ciyawa ba ta taɓa fitowa ba.

"Tasi'u," in ji Inna, ba ta waiwayo ba, "magariba ta kawo kai. Ka bar bugun nan sai da safe."

"Saura kaɗan, Inna."

"Lungun nan ko babanku bai taɓa sa masa fartanya ba. Ka ma yi bisimilla kuwa?"

"Inna, don Allah ki bar ni in yi aikina. Ƙasa ce kamar kowace ƙasa."

Ya ci gaba da bugu. Da sandar ta shige rabi sai ta tsaya cak, kamar ta taras da dutse. Ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga gudumar da hannu biyu ya sauke da dukan ƙarfinsa. Sandar ta zurma taki guda a lokaci ɗaya, wata 'yar siririyar ƙara ta fito daga ƙarƙashin ƙasa, kamar kukan ɗan akuya da aka taka. Tasi'u ya dakata ya dubi turke. Awakin duk sun miƙe tsaye, sun zuba wa lungun ido.

Ya ƙarasa bugun. Ya zuba gishiri da gawayi a gindin sandar yadda aka koya musu, sannan ya nemi ruwan da zai jiƙa wurin, ya tarar randa ta yi ƙasa. Ya nufi murhu ya sa tsumma ya ɗauke tukunyar Furera.

"Baban Khairat, ruwan zafi ne fa! Da magaribar nan?"

Ya juye tukunyar gaba ɗaya a ramin. Tururi ya tashi, da shi da wani ƙauri irin na gashin da wuta ta lasa.

Gidan ya yi tsit. Kajin da ke rigimar wurin kwana suka yi shiru, kwaɗin fadama suka ɗauke, har kiran sallar da aka fara a masallacin unguwa ya zama kamar daga wani gari yake zuwa. Can sai wani dutse ya faɗo tsakar gida, tim, dab da faifan Khairat. Ba ta kan katanga ya zo ba. Daga sama ya sauko a miƙe. Yarinyar ta kai hannu za ta ɗauka, ta janye da sauri tana yarfe yatsu, dutsen zafi gare shi kamar daga murhu aka ciro shi.

"Yaran maƙwabta ne," in ji Tasi'u, ya ɗauki buta.

Washegari tun da hantsi ya kulle kansa a ɗakin. Ya rubuta wa sabar farko saitinta: sunan da za ta amsa in an kira ta, da ƙofar da za ta riƙa miƙa wa manhaja duk wanda ya shigo. Ya kunna, shafi ya fito fari fat da saƙon kuskure. Ya yi ta bin layukan ɗaya bayan ɗaya har azahar, kafin ya gano alama guda ɗaya ce ya manta a ƙarshen wani layi. Ya gyara. Shafin ya buɗe da tambarin ƙungiya, kore shar. Ya rubuta tikitin gwaji, manhaja ta ba shi lamba ɗaya, ya rufe shi, ta nuna an rufe. Ya jingina da kujera yana murmushi shi kaɗai. Rabon da ƙirjinsa ya yi masa sakayau haka har ya manta.

Da ya dawo daga sallar la'asar sai ya tarar da tikiti mai lamba biyu.

Ba suna, ba lambar waya, ba sunan ƙauye. Layi ɗaya ne kawai: "Ka cire ƙarfenka, yana kan ɗana."

Ya daɗe yana kallon allon. Bai riga ya haɗa na'urorin da duniyar waje ba, wayar intanet ma tana nan a naɗe a ƙasan tebur. Ya buɗe rajistar da saba ke rubuta duk wanda ya shigo da lokacin shigowarsa, bai ga kowa ba sai shi kansa. Zuciyarsa ta ba shi cewa wani tsohon abokin karatunsa ne, wanda ya nemi aikin nan bai samu ba, ya cusa masa wani abu a cikin manhajar. Ya sauya kalmomin sirri duka. A gurbin da ake rubuta dalilin rufe tikiti ya rubuta, "Babu mai aikowa." Ya rufe.

Da magariba duwatsu bakwai suka faɗo. Ɗaya ya fasa randa.

Ranar Laraba ya haɗa intanet, ya toshe dukan ƙofofin sabar ya bar biyu kacal, ya sa mata takardar shaidar tsaro. Ya gwada da wayarsa daga bakin gona, shafi ya buɗe. Yana komawa ɗaki ya ga lamba uku: "Yana numfashi har yanzu. Ni ba na iya taɓa ƙarfe. Don girman Allah ka cire."

Wannan karon tsigar jikinsa ta tashi. Ya fita ya zagaya bayan ɗakin, ya tsaya a kan sandar. Ƙasar gindinta ta yi baƙi, ƙudaje sun yanyame ta. Ya sunkuya har ya kama ƙarfen da hannu ɗaya. Sai ya ɗaga kai ya ga hadari na haɗuwa a gabas, baƙi ƙirin, walƙiya na tsaga shi. Ya tuna rumfar kasuwa, da ƙaurin dalma, da abokan da ke ɗaga masa hannu daga cikin mota. Ya saki sandar. Ya koma ya rubuta, "Wasan banza," ya rufe tikitin.

Da yamma Inna ta same shi a bakin ƙofa. Ta rage murya don kada surukarta ta ji.

"Tasi'u, kwana biyu ke nan ina jin mace na kuka a bayan ɗakin nan. Shekara arba'in muna zaune da mutanen ɓoyen nan, ba su taɓa ɗauke mana ko allura ba. Ka zare abin nan. In kana so in durƙusa maka ne, sai in durƙusa."

"Ashe ke ce," in ji shi a hankali.

"Ni ce me?"

"Tun ranar da aka canza miki ɗaki kike neman hanyar da aikin nan zai lalace. Wa kika sa yake jifan gidan? Shekara tara ina zaune ba ki ji kukan kowa ba, sai yanzu da Allah ya buɗa min?"

Tsohuwar ta dube shi. Ta juya tana dafa bango, ta koma wajen awaki.

Ranar Alhamis ba a yi jifa ba. Rana ta yi sanyi, iska ta tsaya, ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Tasi'u yana shigar da sunayen rassan ƙungiya, sai allon ya motsa da kansa, lamba huɗu ta bayyana a gaban idonsa. Kalma biyu ce.

"Ya mutu."

Bai kai ga taɓa komai ba ya ji Furera ta ƙwala ihu.

A bayan ɗaki ya same su. Khairat, wadda aka aika ta kai masa kunu, tana durƙushe a gindin sandar tana tonon ƙasa da yatsu. Kofin na gefe a kife. Farcenta biyu sun ɓalle, jini na bin hannunta, amma tonon take yi ba sassauci, tana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Ya daka mata tsawa, ba ta ɗago ba. Ya fizgo ta ya ɗauke ta da mari, don a zatonsa maganganun kakarta ne suka shige ta. Sai ta juyo ta dube shi. Idanun na 'yarsa ne, amma abin da ke kallonsa daga cikinsu ya girme shi nesa ba kusa ba.

Ta tafi da baya ta faɗi rigingine a ƙasa, hannuwa a baje. Ƙirjinta ya lotsa a tsakiya, kamar an kafa mata wani abu mai nauyi. Numfashinta ya koma ɗan siriri, yana fita da ƙara irin wadda ya ji ranar Litinin.

Ya sa hannu zai ɗauke ta, ya ji kamar gindin kuka yake ja. Aka kira maza huɗu daga maƙwabta, majiya ƙarfi, manoma, suka kama ta gaba da baya. Ko motsi ba ta yi ba. Ƙarshe sai rumfar zana aka kafa a kanta saboda yayyafi. A nan ta kwana, a nan gari ya waye mata, tururuwa na bin gashinta, uwarta na kore su da gefen zane. Ruwa ma in an ɗiga mata sai ya dawo ta gefen baki.

Inna ce ta aika a kira Malam Umara, ɗan'uwanta ta wajen uwa, wanda kakanninsu suka taso daga gabas suka zauna a wani ƙauye da ke gaba da nasu. Ya iso bayan an sauko daga Juma'a. Dattijo ne siriri, mai ƙarancin magana, ba ya ɗauke da komai sai buta da carbi. Ya dubi yarinyar, ya dubi sandar da wayar da ta fito daga tagar ɗaki ta ɗaure a wuyanta. Ya sa aka sallami 'yan kallo, aka bar iyayen da kakar. Ya yi alwala, ya zauna a ƙasa dab da kanta, ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta taso daga ƙafafun yarinyar ta haura har wuyanta. Muryarsa ba ta tashi ba, ba ta kuma yanke ba, ayoyin tsari na bin juna kamar ruwa a kwari. Can jikin Khairat ya ɗauki rawa, dugaduganta na bugun ƙasa. Bakinta ya buɗe, wata murya ta fito, ta tsohuwar mace wadda kuka ya disashe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciyarsu ce. Muna lungun nan tun ba a aza tubalin gidan ba."

"Musulma ce ke?"

"Musulma ce."

"To kin san zalunci haramun ne. Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Me nawa ya yi musu? Barci yake. Aka soke shi a ƙirji, aka zuba masa gishiri, aka bi shi da tafasasshen ruwa. Kwana uku yana kirana, ina zaune a gefensa, ba ni da ikon taɓa ƙarfe. Ita ma kwana uku za ta yi. Ta ci ɗaya."

Furera ta toshe baki da mayafi. Malam Umara bai ɗauke ido daga fuskar yarinyar ba.

"Mutum ba ya ganinku. Bai san kuna wurin ba. Wanda ya yi kuskure ba a yi masa hukuncin mai ganganci."

"Ranar farko bai sani ba, na yarda. Na je kunnen uwarsa, ta faɗa masa, ya zage ta. Tun kafin nan na duba na ga ba abin da yake saurara a duniya sai allon nan nasa, na bi shi can na roƙe shi. Tambaye shi."

Malam ya juyo. "Malam Tasi'u, saƙo ya zo maka?"

Tasi'u ya ji idon matarsa a kansa, ya ji na uwarsa.

"Ban ga komai ba, Malam."

Dariyar da ta fito daga bakin Khairat ta sa awaki suka tsinke igiya.

"Lamba biyu, ya rubuta babu mai aikowa. Lamba uku, ya zo nan ya kama ƙarfen da hannunsa, ɗana na jin ɗumin tafinsa, ya saki ya koma ya rubuta wasan banza. Ƙarya nake, Tasi'u?"

Tasi'u ya kawar da kai. Wannan kaɗai ya ishi kowa. Malam Umara ya sunkuyar da kai na ɗan lokaci, ya ja carbi, sannan ya ɗago ya fuskanci yarinyar, muryarsa ta yi nauyi.

"An zalunce ki, ban musa ba. Amma hakkinki na wuyan wanda ya yi, kuma akwai ranar da za ku tsaya gaban Mai hukunci, ke da shi. Wannan yarinya ba ki da iko da ranta. In kin ƙi fita zan ci gaba da karatu har ki ƙone, ko da zan kai Lahadi a zaune a nan."

"Ƙona ni mana. Me ya rage min?"

"Gawar ɗanki ta rage miki. Tana ƙarƙashin ƙarfe. In kin ƙone, wa zai suturta shi?"

Muryar ta ɗauke. Hawaye suka gangaro daga idanun Khairat zuwa cikin kunnuwanta. Da maganar ta dawo, a karye ta dawo.

"A ba ni shi. A zare ƙarfen kafin rana ta faɗi, shi da ya kafa ya zare da hannunsa. In ɗauki ɗana in bar muku gidanku."

"Kin yi alkawari da Allah ba za ki dawo ba, ba kuma za ki taɓa wani nasu ba?"

"Na yi."

"Malam Tasi'u, tashi."

Tasi'u ya miƙe. Ya dubi sandar, ya bi wayar da ido har cikin taga, inda ƙananan fitilun na'urorinsa ke ƙiftawa kore-kore. Ya dubi gabas, inda hadari ya sake haɗuwa kamar jiya da shekaranjiya. Gobe da ƙarfe goma shugabanni za su taru su buɗe shafin a gaban wakilan ƙauyuka. In tsawa ta sauka yau babu sandar, ba abin da zai rage a ɗakin nan sai ƙauri. Bai yi niyyar furtawa ba. Ji kawai ya yi maganar ta fita.

"Malam, ba yadda za a yi a roƙe ta ta ƙara haƙuri zuwa gobe da azahar?"

Ba wanda ya motsa. Carbin Malam Umara ya tsaya a tsakanin yatsunsa. Furera ta ɗago ta dubi mijinta kamar yau ta fara ganinsa. Inna ta ce, "Innalillahi," can ƙasan maƙoshi, ta rufe fuska.

Bakin Khairat ya yi murmushi, murmushin da ba nata ba.

"Kin ji ko, 'yar nan?" in ji muryar, a tausashe. "Tana ji fa, Malam. Duk abin da ake yi tana nan a ciki, idonta biyu. Na so in tafi da ranta. Yanzu na ga gara in bar masa ita."

"Tasi'u!" Malam Umara ya daka tsawar da ba wanda ya taɓa jin irinta a bakinsa. "Zare ƙarfen nan!"

Ya faɗa kan sandar. Ya kwance wayar, ya kama ƙarfen yana girgizawa yana ja. Sandar da ya kafa cikin rabin sa'a sai da ta kusa cinye masa sauran hasken ranar. Fatar tafinsa ta saɓule. Yana ja yana kuka, ba wanda ya taya shi, ba wanda ya ce masa sannu. Rana na taɓa kan gero sandar ta fito, tsininta baƙi, da wani abu mai danƙo a jiki.

Ƙirjin Khairat ya taso. Ta ja numfashi mai tsawo, ta yi atishawa sau uku, babban yatsan ƙafarta ta hagu ya karkaɗa ya tsaya. Wata 'yar iska mai sanyi ta fito daga ramin, ta bi gindin katanga, ta fita ta kan danga. Suka ga gero na sunkuyawa layi guda, a hankali, kamar mai tafiya da kaya a hannu, har ya ɓace wajen fadama.

Furera ta sa hannu ta ɗauki 'yarta cak, ba nauyi. Tasi'u ya matso zai taɓa ta, ta kauce da ita ta wuce ɗaki. Malam Umara ya sa aka cike ramin da ƙasa mai tsabta, ya ce kada a ƙara taka lungun. Ya yi wa Inna sallama. Tasi'u ya bi shi har ƙofar gida yana godiya, dattijon bai ko waiwayo ba.

Hadarin ranar bai zubar da ko ɗigo ba. Iska ce ta watsa shi. Ranar Asabar gari ya waye garau, shugabanni suka taru, shafi ya buɗe, wani manomi ya aiko da koken farko daga gonarsa, aka yi tafi. Aka ba Tasi'u aikin. Bayan kwana biyu ya kafa wata sandar a gaban gida, da hantsi, da bisimilla. Tsarin bai taɓa tsayawa ba, har daga wasu ƙananan hukumomi ake zuwa ganin yadda ya yi shi.

Ba a ƙara jifa ba. Khairat ta warke, farcenta suka fito, ta koma makaranta. Sai dai ba ta iya gudu kamar da, in ta ɗauko ruwa daga rijiya sai ta tsaya sau biyu a hanya tana dafe da ƙirji. Tana gaishe da ubanta kullum safe, a durƙushe, kanta a ƙasa, kamar yadda ake gaida baƙo. In ya shigo tsakar gida sai ta tuna da wani aiki a wani wuri.

Da kaka ta yi, an girbe gero an ɗaure dammuna, ya je Kano ya sayo mata takalma masu kyau, irin waɗanda ta daɗe tana roƙo. Ya same ta da hantsi a gindin rumbu tana sussuka ita kaɗai. Ya tsuguna ya ajiye mata su a gabanta.

"Ga tsarabarki. Gwada mu gani."

Ta ajiye taɓarya, ta ɗauka da hannu biyu. "Na gode, Baba." Ta juya su tana kallo, ba ta sa ba. Sannan ta ɗago, karo na farko tun ranar nan, ta dube shi ido cikin ido.

"Baba, da ta ce ta yarda, da ka bar ni a wurin har gobe?"

"Haba Khairat. Ai ba haka nake nufi ba. Ruɗewa ce, ban san ma abin da nake faɗa ba."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar mai nazarin lissafin makaranta.

"Ni dai da ka faɗa na ƙirga. Magariba, lisha, asuba, azahar. Salla huɗu ce." Ta haɗa takalman wuri ɗaya ta ajiye a gefen turmi. "Ba zan kai ba, Baba. Ko lisha ba zan kai ba."

Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da sussuka, tana yi tana tsayawa ta huta.